Zaɓen Birtaniya na 2024: abin da muka gani game da jam'iyyar Green da masu ƙin fita

Mai buɗe zance, daga Bristol:
Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan uwa mazauna Birtaniya kowa ya faɗi abin da ya gani a unguwarsu lokacin zaɓen 4 ga Yulin 2024, musamman game da jam'iyyar Green mai rajin kare muhalli da kuma mutanen da suka yi zamansu a gida. Kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai suka kaɗa ƙuri'a, rabon da a ga ƙarancin fita irin wannan tun 2001, jam'iyyar Green kuma ta tara ƙuri'u kusan miliyan 2, amma kujeru 4 ta samu daga cikin 650. Mazaɓata, Bristol Central, tana cikin huɗun. A nan ba talabijin ce ta yi musu aikin ba, ƙafa ce, domin masu sa-kai sun yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi har layinmu ya cika da hotunan 'yar takararsu Carla Denyer a tagogi, kuma ta kayar da 'yar Labour da ratar fiye da ƙuri'a 10,000. Wata biyu kafin nan sun fi kowace jam'iyya samun kujeru a zaɓen kansilolin birnin, saboda haka babu mai ce maka zaɓensu ɓarnar ƙuri'a ce.

Mai aikin kula da tsofaffi, daga Manchester:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina cikin waɗanda ba su fita ba. Sai dab da zaɓe na ji daga bakin wata abokiyar aiki cewa 'yan Najeriya da Ghana masu izinin zama suna da damar jefa ƙuri'a saboda muna cikin ƙasashe rainon Ingila, a lokacin kuwa an rufe rajista. Ko da na yi rajistar, ban ga abin da zai tashe ni bayan aikin dare ba, tunda kowa ya san kujerar unguwarmu ta Labour ce. Takardar 'yan Green guda ɗaya ta shigo ta ramin ƙofa tare da tallar abinci, ita ce iyakar abin da na gani nasu.

Direban tasi, daga Landan:
'Yata, ba ke kaɗai ba ce. Ni rediyo ne abokin zamana a mota tun safe har dare, kuma na lura cewa zancen zaɓe a bakin 'yan jarida bai wuce wane ne zai shiga Downing Street, wato fadar firaminista, ba. Wanda ba a sa ran zai kafa gwamnati ana ba shi 'yan mintoci ne, a tambaye shi dalilin da ya sa yake rage wa wasu ƙuri'a. Ina tuna rigimar 2015, lokacin da hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin watsa labarai ba ta sa Green cikin manyan jam'iyyu ba, firaministan lokacin, David Cameron na jam'iyyar Conservative, kuma ya ce ba zai shiga muhawara ba sai da su. Ba don Allah ya yi ba, so yake su gutsuri ƙuri'un Labour kamar yadda jam'iyyar UKIP take gutsurar nasa. An dai yi muhawarar mutum bakwai da shugabar Green ta lokacin, Natalie Bennett, a ciki, a zaɓen kuma 'yan Green suka sami ƙuri'a sama da miliyan 1 da kujera ɗaya tak, ta Caroline Lucas a Brighton, alhali jam'iyyar SNP ta Skotland da ƙuri'a ƙasa da miliyan 1.5 ta kwashe kujeru 56. Fasinjan da ya san wannan lissafi, da wane baki za ka ce masa ya je ya bi layi?

Ɗaliba mai raba takardun kamfe, daga Leeds:
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara da abin da na ji a bakin ƙofa. Amsa biyu ce take maimaituwa: wasu su ce 'yan siyasa duk kanwar ja ce, wasu kuma su ce suna son manufofinmu na Green amma burinsu Conservative ta faɗi, don haka Labour za su zaɓa. Na biyun sun fi karya gwiwa, domin sun yarda da kai kuma ba za su zaɓe ka ba. Ga kuma kuɗi: kowane ɗan takara sai ya ajiye fam 500, idan bai kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u ba ajiyar ta tafi, kuma a reshenmu da karo-karo ake haɗa irin wannan kuɗi. A unguwannin Musulmi, a gaskiya, ba zancen ɗumamar yanayi ne ya buɗe mana ƙofa ba, matsayin jam'iyyar a kan tsagaita wuta a Gaza ne. Da na fara maganar gurɓatar iska sai a ce mini, "To, kuɗin haya da na gas fa?"

Injiniya, daga Birmingham:
Ni ban yarda a ɗora wa 'yan jarida duka laifin ba. Na yi karatu a Jamus, inda jam'iyyar da ta haye kashi 5 cikin 100 take samun kujeru gwargwadon ƙuri'unta. Da haka 'yan Green na can suka shiga majalisa a 1983, suka shiga gwamnati a 1998 da 2021, kuma tun da suka zama masu iya kafa gwamnati ko hana ta kafuwa, 'yan jarida da kansu suke bin su. A nan an tambayi jama'a a 2011 ko a sauya tsarin zaɓe, kashi 68 cikin 100 suka ce a'a. Ni kaina na tsaya a rumfar zaɓe da fensir a hannu ina son Green, daga ƙarshe na sa alama a gaban Labour saboda ina tsoron kada kujerar ta kuɓuce, sai ga Labour da kujeru sama da 400 a kan kashi 34 cikin 100 na ƙuri'u.

Mai aikin kula da tsofaffi, daga Manchester:
Yaya, to ashe da ni da ban fita ba da kai da ka fita, babu wanda ya ba 'yan Green komai. Yanzu dai na yi rajista ta intanet, kuma an ce mini sai na tafi da shaida mai hoto, wanda aka wajabta tun 2023. Ina son ƙanwarmu ta Leeds ta faɗa mini ko fasfona na Najeriya ya wadatar.

Ɗaliba mai raba takardun kamfe, daga Leeds:
Ya wadatar, Anti, domin ana karɓar fasfo na ƙasashe rainon Ingila, ko da ya daina aiki, muddin hoton yana kama da ke.