Wai su waye arnan Kanada?

Ɗan Winifeg: Salamu alaikum. Na lura a zauren nan in mutum ya ɗora hoton tuwo kowa sai ya tofa, in na kawo magana mai ma'ana sai a yi gum. To yau sai na faɗa. Jiya 30 ga Satumba garin nan na Winifeg a Kanada ya cika da riguna ruwan lemo, ana tunawa da yaran 'yan asalin ƙasar da aka kwashe zuwa makarantun kwana. Yara wajen 150,000 gwamnati ta raba da iyayensu ta miƙa wa coci-coci, a yanke musu gashi, wanda ya yi yarensu ya sha duka. Ta ƙarshe sai ƙarshen shekarun 1990 aka rufe ta. Bikinsu na fotlac, wanda mutum zai tara jama'a ya rabar da dukiyarsa, doka ta haramta shi tun 1885 har 1951, an ɗaure mutane a kansa. Ina kan bakana: abin da Bature ya yi wa arnan Kanada, namu na 1903, da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, wasan yara ne.

Malamin Sakandare: Arna kuma? Ka je har can karatu amma ba ka bar kalmar nan a filin jirgi ba?

Ɗan Winifeg: Malam, ai ba zagi na yi ba. Karanta sauran mana.

Kawun Kurmi: To me zai ce musu? Wanda ba shi da littafi ba shi da annabi, sunansa ke nan tun kaka da kakanni. Kada boko ya sa mu ji kunyar Hausarmu.

'Yar Jos: Kawu, da girmanka. Mu da muke da littafin ma da ita ake jifan mu a tasha. Kalmar ta daɗe da tashi daga inda ka ajiye ta.

Kawun Kurmi: 'Yata, ni ban taɓa kiran ki da ita ba.

'Yar Jos: Ban ce kai ba.

Ɗan Dogonduci: Ku 'yan Nijeriya kuna da abin mamaki. A wajenmu azna ko anna sunan masu bin addinin gargajiya ne, da sarautunsu da komai, wasu da kansu suke kiran kansu haka. Ku kuka mayar da ita ashar.

Baban Yara: Kullum sai kun nuna Hausarku ta fi tamu. Da Faransancin da kuke cusawa?

Malamin Sakandare: Mu dawo kan magana. Mutanen nan ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ake kira al'ummomin farko, akwai Inuwit na can ƙasar ƙanƙara, akwai Metis, jikokin auratayya da Turawa masu fataucin fatu. Ƙidayar 2021 ta ba su kusan miliyan 1.8. Anishinabe, ɗaya daga al'ummomin farkon, suna da Gici Manitu, babban ruhu mahalicci. Da yawansu ma yau Kirista ne. Duk ka tattara su a kalma ɗaya?

Kawun Kurmi: Maguzawa ma sun san da Allah. Ya hana a kira su Maguzawa?

Ɗan Winifeg: Wallahi ba wannan na kawo ba. Ni dai na ga dattijuwa ta kunna wata ciyawa mai ƙamshi a ƙwaryar kawa, tana kaɗa hayaƙin da gashin gaggafa, mutane na shafawa a fuska. Hawaye take yi.

Baban Yara: Hayaƙi da gashin tsuntsu? Wannan ai bori ne tsagwaronsa. Allah ya sa dai ba ka shafa ba.

Hajiya Mai Turare: Ban gane ba. Yanzu duk mai kunna turare ɗan bori ne? Shekara 20 ina sayar da turaren wuta, matarka ma a wajena take saye, kuma akwai ragowar kuɗina.

Baban Yara: Hajiya, a zaure za ki tona ni?

Hajiya Mai Turare: Kai ka fara.

Autan Zaure: Yaya na Winifeg, don Allah ya ake samun bizar karatu? Na yi maka magana ta gefe.

Baban Yara: Ni dai na ji an tono gawarwakin yara 215 a bayan wata coci.

Malamin Sakandare: Ba tonowa aka yi ba. A garin Kamlufs ne, 2021, na'ura ce ta nuna alamun kaburbura a harabar tsohuwar makarantar.

'Yar Jos: Kuma Fafaroma Faransis ya je da kansa a 2022 ya nemi gafara a lardin Albata, yana kan keken guragu. A riƙa faɗin wannan ma.

Kawun Kurmi: Bayan shekara nawa? Ihu bayan hari.

'Yar Jos: Su Maguzawa wa ya taɓa ba su haƙuri?

Kawun Kurmi: Ahaf! Dama nan kika dosa tun ɗazu.

Ɗan Dogonduci: Tambayarta dai ba a amsa ba.

Ɗan Winifeg: Mutum 7 sun yi magana, ba wanda ya ce uffan a kan 1903. Shi ya sa nake shiru.

Malamin Sakandare: A matsayina na mai kula da zaure zan rufe, ga taƙaitawa. An samu matsaya cewa kalmar da ɗan uwanmu ya yi amfani da ita kuskure ce, kamar yadda na nuna tun farko da hujjoji. Wasu dattawa sun so su kare ta amma ba su zo da komai ba sai tun kaka da kakanni. 'Yar uwarmu ta Jos ta yi ƙoƙari. Batun bashin turare a je gefe. Kwatancen 1903 kuwa ba ya buƙatar amsa.

Kawun Kurmi: Matsaya da wa? Ni ban sa hannu ba.

Autan Zaure: Yaya, har yanzu ba ka buɗe saƙona ba.