Gardama kan wasan baseball na farko

Malam Sani: Abin na ba ni haushi, har yau ana cewa Janar Abner Doubleday ne ya ƙago baseball, wasan ƙwallo da sanda na Amurka, a garin Cooperstown a 1839. Mutumin da yake makarantar soja ta West Point a shekarar! Kwamitin Mills, mai binciken asalin wasan, ne ya laƙaba masa a 1907, bisa wasiƙar wani tsoho. Kulob ɗin Knickerbocker na New York ne ya rubuta dokoki a 1845, wasan farko kuma 19 ga Yuni 1846 a Hoboken, aka lallasa su 23 da 1.

Garba: Malam, "farko" fa? A Oktoban 1845 New York da Brooklyn sun kara a wannan filin na Hoboken, jarida ta buga sakamako, 24 da 4.

Alhaji Isa: Ku duka kun makara. Garin Pittsfield na jihar Massachusetts ya hana buga baseball a cikin yadi 80 na sabon zauren taronsa tun 1791, don kada a fasa gilasan taga.

Malam Sani: Alhaji, wannan ai wasan yara ne. Kulob da kulob nake nufi, da alƙali, da littafin maki.

Alhaji Isa: Kulob ne babu a Massachusetts? Filinsu murabba'i, ƙafa 60 tsakanin tasha da tasha (wuraren da mai gudu ke tsayawa), sai an kai maki 100, mutum ɗaya ya fita duk ƙungiya ta sauka. Kuma ta saman kafaɗa suke jifa, abin da tsarin New York bai halatta ba sai 1884.

Hadiza: Baba Alhaji, ka tsallake aibin. Su da ƙwallo ake jifan mai gudu a fitar da shi, dole ƙwallon ta zama ƙarama mai laushi, ba ta nisa in an buga. Knickerbocker suka hana jifan, sai a taɓa shi ko a riga shi tasha, sannan ƙwallo mai tauri ta samu shiga. Maki 100 kuwa rana kan faɗi ba a gama ba.

Alhaji Isa: 'Yata, mutanen New York ɗin da ke fitar da mai bugu don an cafe ƙwallo bayan ta yi tsalle ɗaya a ƙasa, har 1864? Ragwanci!

Garba: Dokar 1845 ɗin ma ba ƙafa 90 a ciki. Taki 42 aka ce daga gida zuwa tasha ta biyu, wasa kuma ya ƙare a maki 21. Zagaye tara da ƙafa 90 daga taron kulob 16 na 1857 suka fito, Doc Adams na shugabanta. Alexander Cartwright, ɗan Knickerbocker da ake yaba wa kan waɗannan dokoki, ya bar New York tun 1849.

Malam Sani: Adams ɗin ba ɗan Knickerbocker ba ne?

Garba: To, a taƙaice: 1846 ba farko ba ne, Malam bai kawo hujja ba, Alhaji son kai ya ɗebe shi, Adams ne mai wasan.

Hadiza: Yaya Garba, batun ƙwallo mai tauri fa?