Kada mu ce masa tausa kawai

'Yan uwa, ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta kusa jawo mana matsala a gida.

Goggona da ke Agege an yi mata tiyatar sankarar mama, aka cire har da kaluluwar hammatarta ta dama. Bayan 'yan watanni hannun ya fara kumbura, har awarwaronta ya daina shiga. Muka koma asibiti, likitar fisiyo, wato mai kula da motsa gaɓoɓi, ta ce za a yi mata "limfatik direnej". Goggo ta juyo ta ce, "Ɗan nan, me take cewa?" Na ce, "Tausa ce, Goggo." A nan na yi kuskure. Kwana biyu da na leƙa gidan na tarar an kira wata tsohuwa, ga man zafi, ga tawul a cikin ruwan zafi, ana shirin murza hannun kamar na wanda ya yi targaɗe. Da ƙyar na hana.

Matar ba ta da laifi. Mu in an ce tausa, danna nama ne har ka ji a ƙashi. Wannan kuwa fatar kawai ake ja a hankali, a sake ta, a sake ja, domin hanyoyin da ruwan da ya kumbura hannun ke bi suna nan dab da ƙasan fata, in ka danna da ƙarfi sai ka toshe su. Wani mutumin Denmak, Emil Vodder, da matarsa Estrid ne suka tsara dabarar, suka gabatar da ita a Paris a 1936.

Ruwan kansa ma yana buƙatar suna. Shi ne wanda ke tsattsafowa daga jini ya shiga tsakanin nama, ya bi ta kaluluwa a tace shi, sannan ya koma jini ta jijiyoyin da ke gindin wuya. Tunda kowane Bahaushe ya san kaluluwa, ya san yadda take fitowa a matsematsi in ya ji ciwo a ƙafa, ni dai "ruwan kaluluwa" ya kwanta min.

Wani abokina malamin makaranta a Idi-Araba ya kawo "tausar magudanar ruwan jiki". Ma'anar ta fito, amma ta yi tsawo, kuma a Legas in ka ce magudana, kwata mutum zai fara hangowa. Wata ƙanwata ta ce "tausar kaluluwa". Ita ce ma ta fi ba ni tsoro, don sai mutum ya sa babban yatsa ya dinga danna kaluluwar da ta kumbura.

Wanda ya warware min shi ne wani dattijo mai sayar da tattasai a kasuwar Mile 12, da ya yi noman lambu shekara da shekaru kafin ya zo kurmi. Na kwatanta masa yadda likitar ke farawa daga wuya da ƙirji kafin ta taɓa hannun. Ya ce, "Ai wannan korar ruwa ce, yaro. Mai ban ruwa sai ya fara buɗe gaba, sannan ya koro na baya, in ba haka ba ya malale masa a hanya." Wallahi haka abin yake. Tunda an cire kaluluwar hammata ɗaya, ruwan ake lallaɓawa ya bi ta inda hanya take a buɗe.

Don haka shawarata: "shafar korar ruwan kaluluwa", a taƙaice "korar ruwa". Shafa na zaɓa saboda tana ɗauke da sauƙin hannu, ko da yake na san wani zai ɗauka shafa mai ake nufi. In akwai mai kalmar da ta fi, musamman ma'aikatan jinya da ungozomomi, ku kawo ta.

Kowane suna muka tsayar, a riƙa haɗa shi da gargaɗi. Ba a yin wannan shafar in wurin ya yi ja da zafi ko akwai zazzaɓi, ko jini ya daskare a jijiya, ko zuciya ta gaza. Masu tiyatar rage kitse da ake ta yi musu tallarta su ma su fara jin ta bakin likitan da ya yi aikin. Kuma ga irin kumburin Goggo ba ta isa ita kaɗai, sai da naɗin bandeji da motsa hannu.

Jiya na ji Goggo tana gaya wa maƙwabciyarta a waya cewa ranar Talata za ta je korar ruwa.