Sifirin ƙofar gareji ya karye: zafi ne ko tsufa?

Basakkwace:

Assalamu alaikum. Ƙofar garejin gida ce a Sakkwato, irin mai falle-falle da ke hawa sama ta kwanta ƙarƙashin rufi. Faɗinta ƙafa 16, tsawonta ƙafa 7, tana da inji mai rimot. Sifirin biyu ne, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai zobba, a jikin bututun da ke saman ƙofar, na hagu ya rabu biyu, ga giɓi kamar inci 2 a tsakani. Shekararta shida da sawa. Mai walda ya ce zafin bazara ne ya cinye shi, kuma zai iya ɗinke shi da walda. Shin zafin ne? Guda zan sauya ko duka biyun? Kuma aikin da mutum zai iya yi da kansa ne?

Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, zare injin daga wuta, kada a sake danna rimot. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin ƙofar, injin rakiya kawai yake yi. Ƙofa mai wannan girma takan kai kilo 70 zuwa 100, in ka bar wa injin ita zai cinye haƙoran giyarsa ko ya lanƙwasa fallen sama.

Maganar zafi, ba shi ne ya karya shi ba. Wayar sifirin sai ta wuce digiri 100 a ma'aunin Celsius kafin ƙarfinta ya fara saki, gareji kuwa ko a watan Afrilu bai kusanci nan ba. Gajiya ce. Yawancin sifirin da ke zuwa da ƙofa an yi shi ne don buɗewa da rufewa sau 10,000. In ana fita sau 4 a rana, shekara ɗaya 1,460 ke nan, bai cika shekara 7 ba. In sau 6 ne, shekara 4 da rabi. Naka ya ci lokacinsa. Inda yanayinmu ke shigowa shi ne wajen bushewa: zafi ya ƙone man jikinsa, ƙurar hunturu ta shiga tsakanin zobban, damina ta zo ta sa tsatsa. Ɗan ramin da tsatsa ta ci, daga nan tsagewa ke farawa.

Walda kada ka yarda. Wutar walda tana kashe taurin wayar, gefen ɗinkin zai sake ɓallewa, wataƙila ma tun ana cikin ɗaure shi, mutum na tsaye a gabansa.

Ka sauya biyun. Tare suka fara aiki, na daman ma yana bakin hanya, kuma sabo da tsoho ba sa ja daidai.

Abu huɗu za ka kai wa mai sayarwa. Kaurin waya: ka ƙirga zobe 20 a matse, ka auna da tef, ka raba da 20. In ka samu inci 4 da rabi, wayar 0.225 na inci ce, inci 4 da 7/8, 0.243 ce, inci 5 cif, 0.250. Kada ka auna zobe ɗaya tilo, bambancin ya yi ƙanƙanta, ido ba zai kama shi ba. Sai faɗin ramin ciki, wanda a ƙofofin gida yawanci inci 1 da 3/4 ne ko inci 2, wani lokaci ma a rubuce yake a jikin kan ƙarfen da ke ƙarshen sifirin. Sai tsawo: zobba kaɗai ake aunawa ban da kawunan, kuma sai an sassauta shi, domin sifirin da ke ɗaure ya fi tsawonsa na ainihi da kusan inci 2. Wanda ya karye, ka sassauta sukurorinsa ka haɗa gutsuren biyu su taɓa juna sannan ka auna. Na huɗu hannun naɗi, wato ɓangaren da wayar ta murɗa, dama ko hagu. In kana cikin gareji kana fuskantar ƙofa, mai jan fenti a kansa shi ke zama a hagu, mai baƙi a dama. In aka juya su, maimakon ya ɗauru warwarewa zai yi.

Mai gyaran ƙofa:

Injiniya ya gama da awo, bari in taɓa aikin, don Malam ya san abin da zai sa ido a kai ko da wani zai kira. Ni shawarata ma a kira wanda ya saba. Ba wuya aikin ke da ita ba, kuskurensa ne ba ya ba da damar gyara: karyewar hannu ko haƙora ko ido.

Kayan aiki: sandunan ƙarfe biyu masu santsi, kauri rabin inci, tsawo inci 18, waɗanda za su cika ramin kan sifirin su zauna daram. Ba sukudireba ba, ba rodin gini mai ƙurji ba, su ne ke zamewa. Sai filaya mai kulle guda biyu, sifana 3/8 da 9/16, tsani mai ƙwari, tabarau, da alli.

Ƙofa a rufe ake aikin. A cire hannun inji, a datse filaya a jikin layin da tayoyin ƙofar ke bi, dab da saman taya ɗaya, don kada ƙofar ta zabura sama. A kafa tsani a gefe, kai da ƙirji kada su taɓa zama a saitin sandar.

Mai ran, wato sifirin da bai karye ba, ake fara kwancewa. Ka tura sanda har ƙarshen ramin, ka riƙe ta gam, sannan ka sassauta sukurori biyun. Nan take duk ƙarfin zai dawo hannunka. Ka sauke sandar a hankali har ta jingina da ƙofa, ka sa ta biyu a ramin sama, ka ɗan ɗaga, sannan ka zare ta farko. Haka za ka yi ta yi, kwatan zagaye bayan kwatan zagaye, har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙa'ida guda: ba a taɓa barin kan babu sanda a ciki. Bayan nan a kwance notuna biyu na tsakiya, a sassauta gangunan gefe da igiyoyin ɗaga ƙofa ke naɗewa a kansu, a cire igiyoyin ƙarfen, a zame bututun a fitar da tsofaffin. Inda sukuru ya ci bututun ya yi kumburi a goge da zarto, in ba haka ba ganga ba za ta fita ba.

Wajen mayarwa, igiyoyin biyu su yi tauri ɗaya. A naɗe ta hagu a ɗaure gangar, a datse bututun da filaya ta biyu ta tokari bango, sannan a yi ta dama. Nan masu gaggawa ke ɓata aiki, ƙofa ta riƙa hawa a karkace.

Ɗaurewa sama ake turawa. Ƙofar ƙafa 7 da gangunan inci 4, zagaye 7 da rabi ne, wato kwata 30. Ta ƙafa 8, kwata 34. Ka ja layin alli a tsawon sifirin kafin ka fara, zai murɗe ya nuna maka yawan zagayen in ƙirga ta ɓace. In ka kai, ka ɗan buga sandar waje sifirin ya miƙe kwatan inci, don zobban su samu wurin motsi, sannan ka ɗaure sukurorin: su taɓa bututu, ka ƙara rabin zagaye zuwa kwata uku. Fiye da haka huda bututun za ka yi.

Gwaji da hannu ake yi kafin a mayar da inji. Ɗaga ta zuwa ƙugu ka saki. Ta tsaya, aiki ya yi. Ta sauko, ƙara kwata ɗaya a kowane sifirin. Ta gudu sama, rage kwata. In ka ƙara kwata biyu ko uku ba ta daidaita ba, ka tsaya, sifirin ne ba nata ba.

Basakkwace:

Allah Ya saka da alheri. Akwai abin da ban faɗa ba: an ƙara wa ƙofar faifan ƙarfe ta ciki saboda tsaro. Zai shafi awon?

Injiniya:

Ai Malam wannan ya rushe awon gaba ɗaya. Tsohon sifirin na ƙofar da ba a ƙara wa komai ba ne, in ka sayo irinsa ka sayo matsalar. Wanda ya sa faifan wataƙila ƙara zagaye ya yi don ta ɗagu, wannan kuma yana rage kwanan waya sosai.

Auna ƙofar za a yi. Bayan an kwance sifirin biyu an cire hannun inji, mutum biyu ko uku su ɗaga ta kaɗan, a tura sikelin awon mutum guda biyu, ɗaya kowane gefe, a sauke a hankali, a haɗa lambobin. Nauyi, tsawon ƙofa da lambar da ke jikin ganga, su mai sayarwa na gaske zai nema. Tunda za ka saya, nemi mai kaurin waya da ƙarin tsawo, ja ɗaya suke yi amma yana kai buɗewa da rufewa sau 20,000 ko fiye. Sai dai ka auna bututun ka tabbatar akwai wurin.

Ɗan Kofar Ruwa:

Ƙari kan mai. Baƙin mai na mota da giris mai kauri, a ƙasar ƙura, kunun yashi suke zama su riƙa cin ƙarfe. A goge sifirin da tsumma, a fesa man silikon ko farin giris na feshi sama-sama, a buɗe a rufe ya shiga, a share ragowar. Sau uku a shekara ya isa: bayan hunturu, gab da damina, da bayanta. Man feshin WD-40 na gama-gari wanki yake yi, ba ya daɗewa. Layin taya kuwa ba a sa masa mai sam, shara kawai.

Tunda an kwance bututun, a duba boris na gefe biyu da na tsakiya. Na tsakiyar sau da yawa roba ce, ita kam zafi na busar da ita ta tsage, a sa na ƙarfe. Igiya in ta fara fitar da gashi kusa da ƙasa a sauya biyun, kauri 1/8 na inci. Ƙarfen kusurwar ƙasa da igiyar ke maƙale a jiki, ba a taɓa notinsa muddin sifirin na ɗaure.

Sifirin ƙofar shago mai naɗewa kuma daban ne, kada wani ya ce maka zai shiga.