Neman kalmar Hausa: me za mu kira ECU, wato burenbos na mota?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina da takardar koyarwa ta yara masu koyon rewaya, ranar Alhamis da safe za a kai ta wurin bugawa. Darasin a kan canza ECU ne, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa aikin inji, na tsohuwar Toyota Hilux mai injin 22R-E, ƙirar 1993. Kusan kowane sakin layi sai kalmar ta fito. Na sa "kwamfutar mota" amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Rewayan Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Malam. Cire kwamfutar motar nan. A gareji in an ce "a sa mata kwamfuta", na'urar da ake jonawa a duba lafiyar mota ake nufi. Yaro ya shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ce kwamfutar mota yake nema, wurin masu waccan za a nuna masa. Burenbos kowa ya sani, sa shi ka huta.

Ɗan Maraɗi: Kowa a ina, Oga? A Maraɗi da Damagaram kalkilatar muke ji a bakin makanikai, daga Faransanci. Amma in ka ce ƙwaƙwalwar mota, daga nan har Yamai ba wanda zai tambaye ka ma'ana.

Injiniya: Ƙwaƙwalwa ta yi, "mota" ce ba ta yi ba. Hilux ta 1993 ana iya yi mata uzuri, amma motar yanzu tana da ta inji, da ta giya, da ta birki, da ta jakar iska. Aikin wannan a inji ya tsaya: tana karɓar bayanin yawan iskar da ke shiga, da zafin ruwa, da yadda aka taka totur, da gudun inji, sai ta yanke tsawon lokacin da nozul zai buɗe da lokacin da wuta za ta sauka a fulogi. Ƙwaƙwalwar inji ke nan. Gobe in ka zo kan ta giya, suna na jiranka.

Baban Hausa: Ikon Allah. Ƙwaƙwalwar inji ai burenbos ɗin ne aka sa wa hula da babbar riga. Bature ya ce ƙwaƙwalwa, mu ma mun ce ƙwaƙwalwa. Ina tunaninmu? Ni na daɗe da ba shi suna: madugun inji. Madugu ne ke tsara tafiyar ayari, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a ya da zango, 'yan leƙen hanya su kawo masa labari ya yanke hukunci. Abin da Injiniya ya zayyana ke nan, ba ragi ba ƙari.

Malama Nahawu: Baba, hoton ya yi kyau, amma gwada shi a jimla: "madugu ya sha ruwa", "a kwance madugu a duba ƙafafunsa". Ajin zai tashi da dariya. In ƙirƙira ake so, ƙa'ida a fili take: sunan kayan aiki ma- ne a gaba da -i a baya, kamar mabuɗi, magogi, ma'auni. Daga sarrafa sai a sami masarrafi. Kada dai a ce masarrafa, wannan sigar wuri ce irin majema da masaƙa, kuma ma'aikatu sun riga sun ɗauke ta. Masarrafin inji.

Rewayan Ƙofar Ruwa: Ku ci gaba da raɗin suna, ni bari in duba takardar. Malam, ina fata darasin bai fara da kwancewa ba, don sau tari ba shi ne mai laifin ba. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji a gaban direba, ta kama. In ba ta kama ba, a duba ƙwan, a duba fiyus na EFI mai amfiya 15 da babban rile ɗinsa. Sai a je soket da mita: wayar BATT ta nuna volt 12 ko da makulli a kashe, wayar +B ta nuna 12 in an kunna. Wayoyin at, masu mayar da wuta ta jikin ƙarfe, wato E1 da E01 da E02, a bi su har inda aka ɗaure su a jikin inji, a kwance a goge tsatsa a ƙara ɗaurewa. At mai sako-sako kaɗai yana sa mota ta riƙa mutuwa a silo kamar mai aljanu. Bayan nan a haɗa TE1 da E1 a ƙaramin akwatin gwaji da guntuwar waya, a ƙirga ƙiftawar wutar cek. Ƙifta biyu, ɗan shiru, ƙifta biyu, lambar matsala 22 ke nan, na'urar zafin ruwa ko wayarta. 14 na ɓangaren wutar fulogi ne, 41 na totur. In wuta ta isa, at lafiya, amma ba volt 5 a wayar VCC ta totur ko bayan an zare soket ɗinta, kuma cek ya ƙi ƙiftawa sam, a nan ne za a fara zarginsa.

Mai Fassara: Haka tsarin yake, Oga, sai dai gwajin volt 5 babu shi, na ƙara. Malama, masarrafi ya burge ni, amma ina tsoron yaran ba za su ƙara jin sa ba bayan sun rufe takarda.

Baban Hausa: To wa zai fara in ba ku ba? Jirgin sama da wayar tarho da na'urar sanyaya ɗaki, daga sama suka faɗo? Mutane ne suka zauna suka yi. Yau an bar wa 'yan gareji harshe, kowace kalma sai a murɗe ta Turanci a ce Hausa ce. Burenbos! Kikstata! Da kunya wallahi.

Rewayan Ƙofar Ruwa: Baba, da girmanka. Inji da kake liƙa wa madugun naka, daga wace unguwa ya fito a Kano? Mota fa, da birki, da totur? Sai an zo kan kalmar masu baƙin mai a hannu ake tuna tsarkin harshe.

Ɗan Maraɗi: Kuma duk lokacin da aka ce Hausa ta daidaita, ta Kano ake nufi. Mu da muke da bik da kamiyo, namu aron ba ya shiga lissafi.

Baban Hausa: Ni ban ambaci Kano ba. Madugu kuwa ai ku ne ma kuka fi kusa da shi, ayarin Bilma ta ƙasarku yake bi.

Injiniya: Jama'a, Alhamis fa. Malam, akwai tarko a zaɓina, gara in faɗa da bakina. Mutane suna cewa ƙwaƙwalwar waya ta cika, suna nufin wurin ajiya. Hilux ta 1993 ba ta da makulli mai lamba, ka zare wannan ka sa wancan ta tashi. Amma Toyota da yawa na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 suna ajiye lambar makulli a wani ɗan ƙanƙanin IC mai ƙafa takwas a cikin akwatin, irin 93C56. In aka sa na wata mota, za ta yi ta juyawa ba ta kama ba, sai an sake rubuta lambar ko an ɗauko IC ɗin tsohon an liƙa a sabon. In ka zo nan kada ka ce ƙwaƙwalwa cikin ƙwaƙwalwa. Ka ce ma'ajiyar lamba.

Malama Nahawu: Ma'ajiya daidai ce, sigar wuri. A kula da jinsi kuma: ƙwaƙwalwa mace ce, "ta ƙone", burenbos namiji, "ya ƙone". Kada a gauraya su a shafi ɗaya.

Rewayan Ƙofar Ruwa: Saura canjin kansa. A fara cire kan batir na nagatif. Akwatin yana gefen ƙafar mai zaman gaba, bayan murfin roba, shi ya sa yoyon gilashin gaba da tiyon masu wankin mota ke samunsa. A danna harshen soket a ja, ban da fizgar waya. A duba ƙafafu, kore-kore alamar ruwa ce. Lambar da ke jikin takardarsa tana farawa da 89661, biyar ɗin ƙarshe su ne zance: na otomatik daban, na manuwal daban, wanda aka yi wa California daban. Da tsohon ake zuwa kasuwa a haɗa lamba da lamba, kada a yarda da "ai soket ɗin ya shiga". Kafin a jona sabon, a nemo abin da ya kashe tsohon. A auna nozul, a wannan ƙirar wajen om 13 zuwa 14 ake nema. Wanda ya yi shot zai ƙone taransiston da ke buɗe shi, ya kuma ƙone na sabon. A auna caji, volt 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. A rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a zare kan batir mota na aiki don gwada altaneta, ba a yin walda batir na jone, ba a juya kan batir.

Injiniya: A ƙara da buɗe murfin tsohon kafin a kashe kuɗi. Kafasito masu ruwa a ciki suna yoyo in sun shekara ashirin ko talatin, ruwan ya cinye layin jan ƙarfe da ke kan allon. Za ka ga baƙin tabo a gindinsu, wani lokaci da ƙarni kamar na kifi. Alamarsa mota ta ƙi tashi da sanyin safiya, in ta ɗumama ta saki. A cire su, a wanke wurin da sifirit, a gyara layin da ya yanke, a sa sababbi masu ƙima ɗaya, volt daidai ko sama, masu jure zafi digiri 105, a lura da ƙafar nagatif. Na kasuwar ma sa'an tsohon ne, ciwon nan yana iya kasancewa a cikinsa.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Ga inda na tsaya: a farkon ambato zan rubuta "ƙwaƙwalwar inji, wadda ake kira burenbos a kasuwa, kalkilatar a Nijar, ECU a takardun kamfani". Daga nan ƙwaƙwalwar inji har ƙarshe. Malama, masarrafi zai shiga jerin kalmomi na bayan takarda.

Rewayan Ƙofar Ruwa: Ba laifi, tunda burenbos ya fito ko sau ɗaya. Yaran dai shi za su ci gaba da faɗa.

Baban Hausa: Madugu ko a bayan takardar bai samu gurbi ba ke nan. Shi ke nan, na ji, ban dai yarda ba. Su kuma na'urorin da ke kawo mata labarin zafi da iska, kada in ga an rubuta sansa. 'Yan rahoto ne.

Malama Nahawu: Ma'auni, Baba. Ma'aunin zafin ruwa, ma'aunin iska.

Mai Fassara: Wannan kuma shafi na bakwai ne, ban kai can ba tukuna.