Yaya zan jera tsofaffin monita masu doro kusa da juna ba tare da hoto yana rawa ba?

Mai_Koyar_da_Taifin ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar cibiya a Zariya inda nake koya wa matasa buga rubutu da sauran ayyukan farko na kwamfuta. Kwanan nan na samu tsofaffin monita guda shida, irin masu doron nan, daga wani ofis da ya koma amfani da shafaffu, kuma dukkansu suna aiki lafiya idan aka kunna kowace ita kaɗai. Da yake ɗakin ba shi da faɗi, sai na jera su a kan dogon tebur guda, uku suna kallon gabas, uku suna kallon yamma, bayansu yana kusan taɓa juna, kowace da tata kwamfutar.

Matsalar ita ce da zarar an kunna su gaba ɗaya, sai rubutun da ke gefen allo ya riƙa rawa, wani lokaci kuma wani layi mai ɗan duhu ya riƙa hawa daga ƙasa zuwa sama, har ɗalibai suna kukan ciwon ido. Haka nan duk lokacin da aka kunna ɗaya, sai hoton ta kusa da ita ya girgiza kafin ya daidaita. Wani ya ba ni shawarar in lulluɓe gefensu da takardar alminiyam. Shin wannan zai yi amfani, ko akwai hanyar da ta fi?

Tsohon_Mai_Gyaran_Talabijin ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kashe kuɗinka a kan takardar alminiyam, domin abin da ke damun allunan nan ƙarfin maganaɗisu ne mai sauyawa a hankali, kuma irin wannan yana ratsa siririn alminiyam ya wuce kamar babu komai a wurin.

A wuyan kwalbar kowace monita, wato babban gilashin da ke cikinta wanda fuskarsa ce allon da ake kallo, can wajen baya, akwai naɗin waya wanda aikinsa shi ne karkatar da harsashin lantarkin da ke zana hoto, daga hagu zuwa dama da kuma daga sama zuwa ƙasa. Wannan naɗi yana aiki ne da maganaɗisu, kuma ba dukkan ƙarfinsa ke tsayawa cikin akwatin ba, wani yana tsallakowa ya taɓa harsashin maƙwabciya. Idan ɗaya tana sabunta hotonta sau 60 a daƙiƙa, ta kusa da ita kuma sau 75, to bambancin da ke tsakaninsu, wato 15, shi ne yawan rawar da idonka zai gani a kowace daƙiƙa. Saboda haka abu na farko, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne ka shiga saitin allo na kowace kwamfuta ka daidaita su duka a kan lamba ɗaya. Idan suna ɗaukar 85 Hz, wato sau 85 a daƙiƙa, a girman hoton da kake amfani da shi, ka zaɓe ta. Idan ƙananan ba su iya ba, ka sauke kowa zuwa 75.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne babban laifin, shi ne yadda ka jera su. Baya da baya shi ne mafi munin zama ga irin waɗannan alluna, tunda ka haɗa wuya da wuya, daidai inda maganaɗisun ya fi ƙarfi. Abin da zai taimake ka shi ne wannan ƙarfi yana raguwa da sauri ƙwarai idan aka yi nisa: idan ka ninka tazarar da ke tsakanin naɗin ɗaya da kwalbar ɗaya, abin da zai rage bai wuce kusan kashi ɗaya cikin takwas ba. Ka karkace jerin, yadda bayan kowace zai fuskanci sararin da ke tsakanin biyun da ke ɗaya gefen maimakon ya fuskanci bayan wata. Mafi kyau ma shi ne ka mayar da uku jikin wani bangon idan ɗakin zai ɗauka. Sau da yawa ƙarin taƙi ɗaya ko biyu na hannu ya isa.

Ma'aikacin_Lantarki_Kaduna ya amsa:

Na yarda da bayanin Baba gaba ɗaya, amma ina so Malam ya tabbatar da inda rawar take fitowa kafin ya fara jan tebur. Ka kashe guda biyar ka bar ɗaya, ba tare da ka motsa komai ba. Idan hoton ya tsaya cak, to maƙwabtanta ne ke damunta. Idan kuma ya ci gaba da rawa, ka duba ƙarƙashin teburin, domin da wuya a ce cibiya irin taka ba ta da sitabilaiza ko na'urar ajiyar wuta a kusa, kuma dukkansu suna ɗauke da taransifoma mai fitar da maganaɗisu.

Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, yawancin tsofaffin kwamfutoci kuwa suna farawa ne da 60 idan ba a sauya saitin ba. Bambancin 10 ke nan, kuma wannan yana cikin rawar da ido ya fi tsana. Idan ka ɗaga zuwa 85, bambancin ya zama 35, wanda ido bai cika kamawa a matsayin girgiza ba, ko da yake rubutu na iya ɗan dusashewa. Maganin gaskiya shi ne a ɗauke sitabilaizar zuwa lungun ɗaki, kamar mita ɗaya ko fiye daga allo mafi kusa. Fankar tebur da lasifikar da ba a yi ta don kwamfuta ba su ma a nisanta su.

Game da girgizar da kake gani lokacin kunnawa, wannan ba lalacewa ba ce. Akwai wani naɗin waya da ya kewaye fuskar kwalbar, wanda ke sakin maganaɗisu mai ƙarfi na daƙiƙa ɗaya ko biyu don ya wanke wanda ya maƙale a ragar ƙarfen da ke bayan gilashi, kuma shi ne ƙarar "dum" da kake ji. Maƙwabciya za ta girgiza ta daidaita da kanta. Abin lura kawai shi ne a wannan ɗan lokacin monita tana jan wuta da yawa, don haka idan kana kan ƙaramin janareta, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya_Mai_Zane ta amsa:

Ina da ɗan gyara a kan batun daidaita lamba, domin na yi shekaru ina aikin zane da monita biyu a gefen juna. Daidaitawar tana aiki sosai idan katin hoto ɗaya, wato ɓangaren kwamfuta da ke aika wa allo hoto, shi ne ke tuƙa allunan biyu da saiti iri ɗaya. Shi kuwa Malam kowace monita da tata kwamfutar, kuma abin da kwamfuta ɗaya ke kira 85 ba lallai ne ya zo daidai da na ɗaya ba. Idan bambancin ya kai kashi ɗaya cikin goma na Hz, rawar mai sauri za ta tafi, amma layin nan mai duhu zai riƙa tafiya a hankali yana ɗaukar daƙiƙa goma kafin ya gama allo, kuma wasu mutane wannan ya fi damunsu. Saboda haka ya gwada daidaitawar, amma kada ya ɗauka za ta maye gurbin tazara.

Sannan ya duba goshin kowace monita ko takardar da ke bayanta. Idan ya ga alamar MPR II, ko TCO mai ɗauke da 92, 95 ko 99, to an ƙera ta bisa ƙa'idojin ƙasar Suwidin da suka taƙaita yawan maganaɗisun da allo zai fitar, kuma irin waɗannan sun fi zama lafiya da maƙwabta. Waɗanda ba su da alamar, su ne za a kai ƙarshen tebur ko a ware su.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai a koma ga shinge, kuma shingen dole ne ya zama ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Ba tare ƙarfin yake yi ba, janyo shi yake yi ya bi ta cikin jikinsa, kamar yadda kwata ke ɗauke ruwa daga ƙofar gida. Akwai wani haɗin ƙarfe da ake kira mu-metal, wanda kusan kashi 80 cikin ɗari nasa nikel ne, kuma shi ne ya fi kowanne, sai dai yana da tsada, kuma lanƙwasa shi ko dukansa na rage masa inganci. Farantin baƙin ƙarfe mai ɗan kauri daga wajen mai walda zai rage matsalar, ko da bai kashe ta ba. A tsayar da shi a tsakani daidai wuyan kwalbar, kada a jingina shi da ramukan iska, domin kowace monita tana fitar da zafin da ya kai na babban ƙwan fitila, kuma shida a ɗaki guda lokacin bazara ba wasa ba ne.

Mai_Koyar_da_Taifin ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gwajin kashe biyar ya nuna cewa sitabilaizar tana da nata kason, don haka na mayar da ita lungu. Na kai uku jikin ɗaya bangon, na sa duka a kan 75 domin ƙananan biyu sun ƙi 85, kuma rawar ta tafi ba tare da na sa shinge ba. Sai dai ɗaya daga cikin waɗanda na juya ta fito da tabo mai launin shunayya a kusurwar sama, alhali da can babu shi.

Tsohon_Mai_Gyaran_Talabijin ya amsa:

Wannan tabo juyawar ce ta kawo shi, Malam, domin ita kanta ƙasa tana da nata maganaɗisu, kuma ragar da ke cikin kwalbar ta saba da fuskar da take kallo a da. Ka bar monitar a inda za ta zauna, ka shiga maɓallan da ke gabanta ka nemi Degauss, wato umarnin wanke maganaɗisu, wanda galibi ake nuna shi da hoton maganaɗisu mai siffar kofaton doki, ka danna. Idan ba ta da shi, ka kashe ta ka bar ta kamar minti ashirin kafin ka sake kunnawa, saboda abin da ke sarrafa naɗin wankewar sai ya huce yake sake aiki. Kashewa da kunnawa nan take ba ya yin komai. Mai yiwuwa ka maimaita sau biyu ko uku kafin launin ya koma daidai.

Idan tabon ya ƙi tafiya, ka kira mai gyaran talabijin ya zo da naɗin wankewa na hannu ya yi mata daga waje. Kada ka goga mata maganaɗisun lasifika, domin zai ƙara tabon ne, kuma kada ka buɗe bayanta da kanka: kwalbar tana aiki da wutar da ta kai kusan bolt 25,000, kuma tana iya riƙe caji bayan an zare ta daga soket.