Tirela ta karya wa mutum cinya: me kotu ke dubawa kafin ta yanke diyya?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana shari'a ce. Tirelar wani kamfani ta bar hannunta ta bugi tela yana tafiya a gefen titi. Cinyarsa ta karye, an sa masa ƙarfe, wata biyar bai taka keken ɗinki ba. Kamfanin ya aiko da naira 200,000 kuɗin dubiya, daga nan shiru. 'Yan sanda sun gurfanar da direban a gaban majistare. Wannan shari'ar ce za ta biya shi, ko sai ya shigar da tasa? Wa zai kai ƙara, tunda direban ba shi da ko sisi?

Barista:
Wa alaikumus salam, Malam. Shari'ar gaban majistare ta laifi ce, tsakanin hukuma da direba. Ko an ba da umarnin biyan wani abu, da wuya ya kai kuɗin aikin ƙashi. Diyyar gaske sai ya shigar da ƙararsa a Babbar Kotun jiha. Amma kada ya raina waccan: in an samu direban da laifi, sashe na 63 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da hukuncin a matsayin hujja.

Telan zai yi ƙarar kamfanin ne, domin ubangida na ɗaukar alhakin gangancin yaronsa muddin a bakin aiki ya yi shi. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Ifeanyi Chukwu Osondu da Soleh Boneh, a 2000, cewa rashin saka direba cikin ƙara ba ya kashe ta, matuƙar an tabbatar da gangancinsa. Duk da haka ni ina ba da shawarar a haɗa su biyun, saboda kamfani yakan ce direban gaban kansa ya je yi.

Tabbatar da ganganci a nan bai yi wuya ba. Motar da ta bar titi ta tarar da mai tafiya a gefe, kotuna na ɗauka cewa abin da ya faru shi kansa shaida ne, sai mai motar ya yi bayanin yadda hakan ta faru ba da sakacinsu ba. "Birki ne ya shanye" kawai ba ya wanke su, sai sun nuna suna kula da motar. A nemo zanen wurin hatsari da 'yan sandan sashen motoci suka yi, da rahoton VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, kuma su zama kwafin da hukumar ta buga wa hatimi ta sa hannu. Hoton takarda tsura alƙali zai yi watsi da shi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne lissafin kuɗi. Kashi biyu ne. Na farko abin da ya fita daga aljihu da abin da aka rasa: aiki, magani, hoton ƙashi, kuɗin mota zuwa asibiti, cinikin wata biyar. Wannan dole a jera shi ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, a kuma tabbatar da kowanne. Wanda ya rubuta "na kashe miliyan uku" a dunƙule, ko da gaskiya yake faɗa, zai iya tashi ba ko kwabo a wannan ɓangaren. Na biyu shi ne na raɗaɗi da wahala da naƙasa. Shi ba ya son rasit, alƙali ne ke kimantawa da shekarun mutum, sana'arsa, da abin da likita ya ce.

Sai lokaci. Kowace jiha na da dokar wa'adin ƙara, a Legas shekara 3 ce ga rauni. In kuwa motar gwamnati ce, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Kada a zauna jiran majistare ya gama.

Hajiya Nas:
Barista ya faɗi gaskiya, bari in ƙara ta ɓangaren asibiti. Rasit ɗin kemis na yanzu, irin siririn nan da na'ura ke fitarwa, rubutunsa kan goge cikin 'yan watanni, musamman in yana ninke a aljihu lokacin zafi. A yi masa hoto a takarda tun ranar, a haɗa da katin likita da ya rubuta maganin. Rasit ba tare da rubutun likita ba, lauyan kamfani zai ce wa ya san na wane ne.

Babbar matsalarmu ita ce ɗauke mara lafiya a kai shi wurin mai ɗori bayan kwana biyu. Babu fayil, babu rasit, kuma in ƙafar ta haɗe a karkace za su ce ba hatsarin ne ya naƙasa shi ba, ɗorin ne. Abin yana min ciwo, don yawanci rashin kuɗi ke jawo shi.

Rahoton likita kuma ya fito daga likitan ƙashin da ya yi aikin, ya faɗi ko ƙafar ta gajarta da santimita nawa, ko gwiwa na lanƙwasuwa, da ko za a sake shiga tiyata a cire ƙarfen. Kuɗin wannan aiki na biyu ana mantawa da shi, alhali in an yanke hukunci ba a komawa neman ƙari. Ga tela, layi ɗaya da ke cewa ba zai iya daɗewa yana taka keke ba ya fi shafi guda na bayanin ciwo.

Malam Na Inshora:
Ranka ya daɗe Barista, ka bar wanda zai biya. A fara duba lambar tirelar a NIID, rumbun bayanan inshorar motoci na ƙasa, ta danna *565*11# a waya, a ga ko inshorarta ta gaske ce. Takardun bogi da ake yi a bakin ofishin lasisi sun yi yawa. Mutane na jin naira miliyan 3 da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta ƙayyade wa ƙananan motoci daga Janairun 2023 su ɗauka iyakar diyya ke nan. A'a, wannan na ɓarnar dukiya ne, ba na rauni ko rai ba. A rubuta wa kamfanin inshorar sanarwa kafin a shigar da ƙara, a karɓi kwafi mai hatiminsu. Rashin sanarwa a kan lokaci shi ne ƙofar da suka fi bi su zille.

Ɗan Fagge:
Na gode. To kuɗin dubiyar da ya karɓa fa? Kuma ba shi da littafin ciniki.

Barista:
Karɓar kuɗin ba ta hana ƙara, za a dai cire su daga abin da aka yanke. Abin tambaya shi ne ko ya sa hannu ko ya dangwala a wata takarda. In an rubuta cewa wannan ne biyan ƙarshe, aiki ya ƙaru, sai an nuna ba a karanta masa ya fahimta ba. Ba na ƙin sulhu, sau da yawa ya fi shekaru ana ɗage zama, amma a yi shi bayan rahoton likita ya fito, a rubuce.

Maganar ciniki, ya kawo bayanan asusunsa na banki na wata shida kafin hatsarin, da littafin awon da yake rubuta sunan mai kaya da kuɗin ɗinki, da shugaban ƙungiyarsu ya yi shaida. In hoton waya ko saƙon shigar kuɗi zai gabatar, sashe na 84 na Dokar Shaida na buƙatar takardar da ke tabbatar da ingancin na'urar da aka ciro shi daga cikinta. Ya kuma shirya, za su ce a kan kwalta yake tafiya don a raba laifin. In alƙali ya ɗora masa kashi 20 cikin 100, miliyan 10 ta koma 8, shi ya sa zanen 'yan sanda da ke nuna inda jini da sawun taya suke yake da nauyi. Lauyansa kuma ya fara binciken bankunan da kamfanin ke ajiya tun yanzu, don in suka ƙi biya bayan hukunci, ta nan kotu za ta ba da umarnin cire kuɗin.